Ƙurajen Leɓe Da Na Al'aura: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Ƙofar Ran

 

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, mai unguwa, Allah gafarta malamanmu, iyayenmu mata da ke can gefe, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da 'ya'yanmu samari, muna yi muku barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Kafin mu shiga magana, sai mu nemi afuwa. Abin da aka ɗora mana yau magana ce mai nauyi a baki, irin wadda Bahaushe ba ya son yi a gaban surukai. To amma kunya ba ta warkar da ciwo, kuma tun muna Islamiyya malamanmu suka nuna mana cewa ba a jin nauyin tambaya a kan abin da ya shafi tsarki da aure da lafiyar jiki. Sabo da haka duk inda harshe ya yi kaifi, a yi mana uzuri.

Mu dai kun san mu, ba likitoci ba ne. 'Yan kasuwa ne, wasunmu a Muda Lawal, wasu a Wunti, wasu kuma kullum suna bisa hanyar Kano ko Jos ko Anacha. Iyayenmu fatauci ya kawo su Bauchi daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, suka sami masauki a nan Ƙofar Ran, aka haife mu, mu ma muka haifa. To me ya kai ɗan kasuwa maganar cuta? Abin da ya faru ne a ɗaya daga cikin gidajenmu a hunturun da ya wuce, wanda da yawanku kun je dubiya amma ba ku san tushensa ba. Masu gidan sun yarda a faɗa don a amfana, da sharaɗin kada a kama suna.

An haifi yaro lafiyayye, aka yi barka, ranar bakwai aka yanka rago aka raɗa suna. Gida ya cika da mata, jariri yana ta yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na sa masa albarka. Cikin baƙin akwai gwaggon yaron, wadda ta taso daga zazzaɓin cizon sauro ke nan, da ɗan ƙurji a gefen leɓenta, irin wanda dukanmu mun sha gani ba mu ɗauke shi bakin kome ba. Ta rungumi ɗan ɗan'uwanta ta sumbace shi a fuska, don ƙauna. Bayan kamar kwana shida yaro ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi, sai barci kawai, ko an taɓa shi da ƙyar yake motsi. Aka ce iska ce, aka ce baki ne, aka yi turare aka yi rubutu. Da abin ya ƙi, aka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ga wasu 'yan ƙuraje masu ruwa kusa da ido, sai ya tambaya ko uwar tana da ƙuraje a gabanta lokacin haihuwa, aka ce a'a. Ya ce to ko wani mai ƙurjin leɓe ya sumbace shi? Nan aka yi shiru. Mako uku yaron nan ya yi ana sa masa magani ta jijiya. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi. Likitan ya ce da an ƙara kwana biyu a gida, da wani labari ake yi.

Tun daga ranar muka ɗaura aniyar sanin wannan abu. Muka zauna da 'ya'yanmu da suka yi karatun aikin asibiti, muka yi ta tambaya muna rubutawa a bayan littafin bashi. Abin da muka samo shi ne muka kawo muku.

MECE CE WANNAN CUTA?

Likitoci suna kiranta hafis. Sunan daga harshen Girkawa ya fito, ma'anarsa abin da ke rarrafe, sabo da yadda ƙurajen ke bin fata. Ƙwayar da ke kawo ta irin wadda ake ce wa bairas ce, dangi ɗaya da mai kawo ƙarambau, ko da yake kowace da aikinta. A shekarun 1960 masana suka gane cewa iri biyu ce. Ta farko ta fi zama a baki da leɓe, ita ce muke kira ƙurajen zazzaɓi. Ta biyu ta fi zama a al'aura da matse-matsi da dubura. Amma a lura, kowace tana iya zama a gurbin 'yar'uwarta. Ta baki tana iya sauka ƙasa idan baki ya taɓa al'aura.

Kada wani ya zaci cutar wasu tsirarun mutane ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙididdigar da ta fitar a 2024, ta ce mutane wajen biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da iri na farko, watau kashi 64 cikin ɗari. Iri na biyu kuwa, mutane wajen miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49. Idan aka haɗa duk masu ɗauke da ita a al'aura, ko da wane iri ne, sun kai miliyan 846, fiye da mutum ɗaya cikin biyar na masu waɗannan shekaru. Nahiyarmu ta Afirka ita ce kan gaba a iri na biyu, kuma mata sun kusa ninka maza, don ta fi saurin wucewa daga namiji zuwa mace. Iri na farko kuma yawancinmu tun muna yara muka ɗauka, a hannun iyaye da 'yan'uwa. In za mu faɗi gaskiya, a cikin wannan rumfa da muke zaune, masu ita sun fi marasa ita yawa. Don haka ba wanda zai nuna wani da yatsa.

Abin da ya bambanta ta da ciwon sanyi ko tunjere shi ne, waɗancan in an sha magani daidai suna fita daga jiki. Wannan kuwa in ta shiga ta shiga ke nan. Bayan ƙurajen farko sun warke, ƙwayar sai ta bi jijiyar ji ta koma can ciki ta kwanta, ta baki a wata mahaɗar jijiyoyi da ke cikin kai kusa da kunne, ta al'aura kuma a gindin ƙashin baya. Tana nan kamar haja a sito, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ranar da jiki ya yi rauni sai ta biyo hanyar da ta shiga ta fito a wuri guda. Shi ya sa za ku ga mutum kullum a gefe ɗaya na leɓe ƙurjinsa ke fitowa. Abubuwan da ke tashinta mun san su: zazzaɓi, musamman na cizon sauro, mura, zafin rana, gajiya da rashin barci, damuwa, jinin al'ada ga mata, da duk wata cuta mai karya garkuwar jiki. Mun daɗe muna cewa in ƙurji ya fito a leɓe zazzaɓi ne ke fita. Ashe zazzaɓin tashin ƙwayar ya yi daga barci, kuma ruwan ƙurjin nan cike yake da ita.

Alamarta ba ta da wuyar ganewa. Da fari mutum zai ji ƙaiƙayi ko zafi-zafi ko tsikari a wurin, kwana ɗaya ko biyu kafin kome ya fito. Sa'an nan 'yan ƙuraje masu ruwa su fito a cure, su fashe su zama gyambo, su yi ɓawo, su warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Karon farko shi ne mai tsanani. A al'aura yakan zo da zazzaɓi da ciwon jiki da kaluluwa da zafin fitsari, ya ɗauki mako biyu har huɗu. A yara ƙanana kuma yakan zo da gyambo cike da baki da kumburin dasashi, yaro ya yi ta dalalar da yawu ya ƙi ci ya ƙi sha. Amma kuma akasarin masu ɗauke da ita ba su taɓa ganin alama ba, ko kuwa sun ga 'yar kaɗan sun zaci ƙurajen zafi ne ko gugar wando.

YADDA AKE ƊAUKARTA

Fata da fata ne hanyarta, da yawu, da ruwan al'aura. Sumba ita ce babbar hanyar iri na farko, saduwa kuma babbar hanyar iri na biyu. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daga sa'ad da aka fara jin ƙaiƙayin nan har ɓawon ya bushe ya faɗi. Sai dai akwai abin da ya ɗaure mana kai da muka ji shi: ko babu ƙurji ko ɗaya, akwai ranakun da ƙwayar ke fitowa bisa fata ba tare da mai ita ya sani ba, kuma a irin ranakun nan ma ana ɗauka. Da yawa a haka suka samu, daga mutumin da shi kansa bai san yana da ita ba.

Akwai kuma ƙananan hanyoyi na cikin gida. Mai ƙurji ya sha a moɗa ko kofin shayi ya miƙa wa na kusa nan take. Mata su yi karɓa-karɓar jan baki a gidan biki. Uwa ko kaka ta tauna abinci ta ba yaro, ko ta lashi cokali don jin zafin koko kafin ta sa masa. A sa yawu a yatsa a goge wa yaro fuska, ko a sa harshe a cire masa haki daga ido. Wannan na ido abin tsoro ne, domin in ƙwayar ta shiga ido tana iya yi wa baƙin idon tabo har gani ya ragu. Shi kansa mai ƙurjin, in ya sosa ya murza idonsa, zai iya kai wa kansa.

Amma kada a wuce gona da iri. Ƙwayar ba ta daɗewa da rai a wajen jiki, bushewa da sabulu suna kashe ta. Ba a ɗaukarta a musafaha, ko zama kan tabarma ɗaya, ko sahun salla, ko shiga bayan gida ɗaya, ko karɓar kuɗi a kasuwa. Sauro ma ba ya ɗaukarta. Kada a ce mun ce a guji mai ƙurjin leɓe ko a ware masa wurin zama.

JARIRAI

Nan ne muke son iyayenmu mata su ba mu kunne sosai. Abin da ga babba ɗan ƙurji ne na kwana goma, ga jariri yana iya zama ajali, domin garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba. Ƙwayar tana iya shiga ƙwaƙwalwarsa da hanta da huhu. Abin ba ya faruwa da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kamar haihuwa 10 cikin 100,000 a duniya. To amma wanda ya faɗa wa, in ba a yi magani da wuri ba, da yawa ba sa tashi, waɗanda suka tashi kuma wasu sukan rayu da farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa ko na gani.

Mafi yawan jariran a wajen haihuwa suke ɗauka, in akwai ƙwayar a gaban uwa. Haɗarin ya fi girma ga macen da ta kamu karon farko a watannin ƙarshe na ciki, domin jikinta bai riga ya yi garkuwar da za ta ba ɗan ba. Wadda ta daɗe da ita kuwa haɗarin ɗanta kaɗan ne. Ga abin da wannan ke nufi gare mu maza: in matarka tana da tsohon ciki, kai kuma kana da ƙurji a leɓe ko a gaba, ka yi haƙuri ka ƙaurace har ta sauka. Ke kuma in kin san kina samun ƙuraje a gabanki, ki faɗa wa ma'aikaciyar awo, kada ki ɓoye. Akwai ƙwayar maganin da ake ba mai ciki daga mako na 36 don kada su fito lokacin naƙuda, in kuma sun fito, likita yakan zaɓi tiyata don ɗan ya kauce musu. Wannan ba ya yiwuwa ga wadda ta haihu a ɗaki ba wanda ya duba ta.

Sauran jariran kuma bayan haihuwa suke ɗauka, kamar yaronmu, daga bakin masu ƙaunarsu. Makonni huɗu zuwa shida na farko su ne mafi haɗari. Ku duba, kusan daidai da kwana arba'in ɗin da iyayenmu suka ware wa mai jego. Ashe al'adar tana da hikima, mu ne muke cika ɗakin da jama'a. Ba mu ce a daina barka ko suna ba, zumunci ne. Abin da muke roƙo shi ne, har a yi arba'in, kada kowa ya sumbaci jariri a baki ko ido ko fuska, kuma duk mai ɗaukarsa ya wanke hannu da sabulu. Mai ƙurji a leɓe, ko uba ne ko kaka, ya yi addu'arsa daga nesa, albarka ba ta ɓata hanya. Uwar da ƙurji ya fito mata a leɓe ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu, ta rufe bakin da gyale ko takunkumi, ta daina sumba har ya warke. Sai in ƙurjin a kan nonon yake, to ta je asibiti a nuna mata yadda za ta yi.

Akwai kuma ɗan dabinon da ake taunawa a sa wa jariri a baki. Hukuncinsa na malamai ne, suna nan zaune, su za su yi mana bayani. Namu dai roƙo ne: wanda ke da ƙurji ko gyambo a baki kada a ba shi wannan aiki kome girmansa, kuma dabino yana murjewa da wankakken hannu.

Alamun da in an gani a jaririn da bai yi arba'in ba, ba a kwana: zafin jiki ko sanyin jiki da ba a saba ba, ƙin nono, yawan barci da kasala, numfashi sama-sama, jijjiga, ko ƙuraje masu ruwa a fata ko baki ko ido. Kada a jira ƙuraje, wasu jariran ba sa fitar da su sam. A kai shi asibitin unguwa nan take, in an tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a tafi, ba nisa gare shi daga nan ba. A yi addu'a a bisa hanya. Kuma a gaya wa likita gaskiya in akwai mai ƙuraje a gidan, wannan kalma ɗaya tana iya ceton yaro.

TSAKANIN MIJI DA MATA

Yanzu mun zo wurin da aure ke mutuwa a banza. Mace ta ga ƙuraje a gabanta, aka je asibiti aka ce hafis ce, sai miji ya ce ina kika samo? Ko kuwa miji ya dawo daga fatauci, bayan kwana kaɗan ta ga ƙuraje, ta ce ga abin da ka kwaso mini a hanya. 'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah. Mun riga mun faɗa, ƙwayar nan tana kwanciya shekaru ba alama. Mai yiwuwa ɗayansu ya shigo da ita daga auren baya, don cikinmu akwai wanda ya auri bazawara, akwai wadda ta auri mai mata. Mai yiwuwa ta leɓe ce da aka ɗauka tun yarinta ta sauka ƙasa a wasan ma'aurata. Gwajin asibiti yana iya nuna akwai ƙwayar, amma ba ya nuna ranar da ta shiga ko wanda ya kawo ta. Don haka ƙurji ba shaidar zina ba ne, kuma duk mun san nauyin ƙazafi. Kada a saki mace ko a ɓata mata suna a dangi a kan abin da ba hujja ba.

Amma kuma kada mu maza mu laɓe a bayan wannan. Mu matafiya ne, mun san abin da ke faruwa a tashoshin mota da masaukai in an yi sati biyu ba a gida. Wanda ya bi son zuciya can, ba shi kaɗai zai biya ba. Mai mata uku in ya kwaso, gida uku ya kai wa, da jariran da za a haifa. Daɗin daɗawa, gyambon nan ƙofa ce. Masana sun tabbatar mai ɗauke da iri na biyu haɗarinsa na kamuwa da ƙanjamau ya ninka kamar sau uku in ya sadu da mai ita. Mai ƙanjamau kuma ƙurajensa sun fi tsanani da daɗewa. Sabo da haka duk wanda ya ga ƙuraje a al'aura, ya nemi a yi masa gwajin ƙanjamau da tunjere gaba ɗaya, don tunjere ma da gyambo take farawa, ita kuwa tana warkewa sarai in an yi allura da wuri.

To in an tabbatar akwai, yaya za a zauna? A zauna lafiya, miliyoyin ma'aurata suna zaune da ita suna haihuwa. Sharaɗi na farko gaskiya, a gaya wa juna. Na biyu, daga jin ƙaiƙayi har warkewa sarai, ba sumba in a baki ne, ba kwanciya in a ƙasa ne, ko da ranar girkin wance ce, a yi mata bayani ta fahimta. Na uku, kwaroron roba yana rage haɗari ƙwarai, ko da yake ba ya kawar da shi duka, don ƙurji yana iya fitowa inda robar ba ta rufe ba. Na huɗu, wanda nasa ke yawan dawowa, akwai maganin da likita ke ɗora mutum a kai kullum, yana rage fitowar, yana kuma rage yiwuwar ba abokin zama.

Game da masu shirin aure, gwaji kafin ɗaurin aure abu ne mai kyau, har Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, ana duba ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da jinin sikila. Sai dai a sani, gwajin da aka saba yi bai haɗa da wannan cuta ba. Takardar asibiti ba ta ɗauke wa mutum faɗin gaskiya. Wanda ya san yana da ita ya faɗa kafin a shafa fatiha, mu 'yan kasuwa mun san hukuncin mai ɓoye aibin haja.

'Ya'yanmu samari, da ku muke. Mun san zance na yanzu ba irin namu ba ne na tsayuwa a zaure da ƙanwar yarinya a gefe. Mun ji har suna kuka sa wa abin, wai shan minti, kuna cewa ai ba a kai ga babban ba, ba ciki ba cuta. To ku ji da kyau, wannan cuta ba ta jiran babban. Leɓe da leɓe ya ishe ta, fata da fata ya ishe ta, kuma ba ta da ranar fita. Kyan fuska da tsabtar tufafi ba sa nuna mai ita. Wanda ya matsu ya zo a yi maganar aure, ƙungiya ta sha taimakawa.

MAGANI

Har yau ba a sami maganin da ke fitar da ita daga jiki ba, ba a kuma sami allurar rigakafinta ba. Duk mai lasifika a bakin kasuwa ko mai talla a waya da ya ce zai wanke maka ita tas da kwalba ɗaya, kuɗinka yake so. Ƙurajen da kansu suke warkewa, sai ya ce aikinsa ne, in sun dawo ya ce ka sake saye.

Amma akwai magani na gaskiya mai rage zafi da gajarta kwanaki, sunansa asaikulobiya. An fara amfani da shi a farkon shekarun 1980, ya fito ne daga ɗakin binciken wata masaniya 'yar Amurka, Gertrude Elion, wadda aka ba lambar Nobel a 1988. Akwai na haɗiya, akwai na shafawa, akwai na jijiya wanda aka yi wa yaronmu. Ya fi aiki in an fara shi da wuri, tun ana jin ƙaiƙayi ko a kwana biyun farko. Likita ne zai faɗi adadi, musamman ga mai ciki da mai ciwon ƙoda.

Abin da ba ya aiki kuwa shi ne abin da muka fi yi: a je kemis a sayi kafso ja da yalo, a sha ko a fasa a barbaɗa. Irin waɗannan magunguna ba sa taɓa bairas. Haka nan man goge baki da toka da kananzir da ruwan batir, ƙona wurin kawai suke yi. Man shafawa mai sa fari da wasu magungunan ɗiga wa ido masu kwantar da ja suna iya ƙara wa abin ƙarfi, kada a ɗiga kome a jan ido mai ciwo sai likitan ido ya gani. A wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a bar shi a bushe, kada a ɓare ɓawon, a sha farasitamol don zafi, a sa tufafi sakakku, a wanke hannu bayan an taɓa. Da hunturu a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe don kada ya tsage, kowa da nasa.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Abu uku muke nema a amince da su yau. Na ɗaya, shugabar mata ta tara iyayenmu da ungozomomin unguwa, a gayyato ma'aikaciyar asibiti mace ta maimaita musu wannan bayani a inda za su sake su yi tambaya. Na biyu, duk gidan da aka yi haihuwa, wakilan ƙungiya da ke kai gudummawa su tuna wa masu gida maganar sumba da wanke hannu, don in daga bakin ƙungiya ta fito, mai jego ba za ta ji kunyar hana uwar mijinta ba. Na uku, a ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin mota da na kati, in jariri ya tashi da zazzaɓi da dare kuma maigida yana kan hanya. Mu da muka kawo maganar za mu fara zubawa.

Gwaggon nan da muka ba ku labari har yau in ta tuna sai ta yi hawaye, alhali ba ta da laifi, ba ta sani ba ne. Mu da muka ji yau ba mu da wannan uzuri. Kowa ya kai wa iyalinsa abin da ya ji.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, masana da ke cikinmu su gyara mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya zaunar da Bauchi da ƙasarmu lafiya.